Sakan Huɗu

Ana gab da kiran magariba Injiniya ya shigo gida da furosesa biyu a aljihu, kowace a naɗe cikin takarda. Mai gyaran kwamfuta ne kawai, unguwa ce ta ba shi wannan suna, shi kuma bai taɓa mayarwa ba. Furosesa ita ce ƙwaƙwalwar kwamfuta, ba ta fi tafin hannun jariri faɗi ba. Duka biyun na hannu ne, amma ɗaya ta ninka ɗaya kuɗi, wani mai shagon buga takardu kuma yana son sanin wadda zai saya bai yi asara ba. Injiniya kuwa ko sabulu zai saya sai ya gwada kumfar guda biyu.

A sito akwai wata kwamfuta da ta shekara uku ba a buɗe ta ba. Ya jawo ta falo, ya kwance murfin, bai kaɗe ƙura ba, bai yi bisimilla ba. Hankalinsa yana kan agogo.

"Baban Auta, magariba fa ta yi," in ji matarsa daga bakin ƙofa. "Ka bari a yi salla."

"Minti biyar."

Yadda yake gwajin shi ne ya ɗora wa kowace aiki mai nauyi iri ɗaya, ya ga wadda za ta riga gamawa. Mai tsadar ta gama lafiya. Da ya sa mai arhar sai fankar da ke sanyaya ta ta ƙi juyawa, kamar an riƙe ta. Ya ga zafi yana hawa a allo, tamanin, casa'in, casa'in da biyar. Ya san ya kamata ya kashe, amma saura kaɗan ta gama, sai ya bari. Wani ƙauri ya tashi irin na gashi a wuta. A tsakar gida, Auta, 'yarsu ɗaya tilo mai shekara goma sha huɗu, ta saki butar alwala ta tsaya cak.

Tun daga ranar gidan ya mutu. Da zarar rana ta yi ja sai a fara jifan kwanon rufi, in an fita a tarar da ƙananan noti irin na kwamfuta warwatse a ƙasa, da ɗumi a jikinsu. Ƙarar fanka tana fitowa daga cikin bango ko babu wuta. Auta ta daina magana, ta daina ci sai an ɗura mata. Tana zaune tana fuskantar sito, tafin hannunta zafi rau. An kai ta asibiti, aka ce ba a ga komai ba. Uwar ta yi kuka har ya ƙare. Injiniya bai yi ba. Yana zuwa shago, ya buɗe kwamfutocin mutane, ya zuba musu ido, ya rufe. Ba ya jin tsoro, ba ya jin komai, wannan ne ma ya fi damunsa.

Rana ta tara ƙanen matarsa ya kawo wani malami, dattijo marar yawan magana. Bayan la'asar ya zauna gaban yarinyar ya fara karatu. Ya daɗe. Inuwa ta cinye tsakar gida kafin Auta ta ɗago kai, muryar da ta fito kuma ta babbar mace ce, a gajiye.

"Ya isa, Malam. Ina ji."

"Wace ce ke, me kika zo yi?"

"A akwatin kwamfutar nan nake zaune, ni da 'ya'yana biyu. Wuri ne mai sanyi, ba mai taɓawa. Ya buɗe ba sallama, ya kunna wuta. Babban ya fice. Ƙaramin bai iya sauri ba, ya maƙale a fanka."

Matar Injiniya ta toshe baki da mayafi.

"Allah ya ba ki haƙuri," in ji malamin. "Bai sani ba. Yarinyar nan kuma ba ta yi miki komai ba."

"Nawa ma bai yi masa komai ba. Ɗa da ɗa."

Malamin ya koma karatu, ya ɗaga murya kaɗan. Jikin Auta ya yi ta rawa, har muryar ta ce ya dakata. Aka shiga ciniki. Ta ce a mayar da akwatin sito, a rufe, kada a sake buɗewa har abada, don a ciki ta binne ƙaramin. Aka yarda. Ta ce za ta fita, amma tana da tambaya ɗaya ga mai gidan. Idanun 'yarsa suka juyo kansa.

"Ka ga zafin yana hawa, ka ƙi kashewa. Me ka samu?"

"Allah gafarta Malam, in amsa?" in ji Injiniya.

"Amsa mata. Kada ka yi ƙarya."

Injiniya ya dubi 'yarsa. Bakinsa ya faɗi abin kamar yana gaya wa mai saye. "Mai tsadar ta riga gamawa da sakan huɗu. Bambancin bai kai kuɗin ba. Mai arhar ta fi."

"Sakan huɗu," in ji muryar. "To su zan tafi da su. Ban ƙara ba, ban rage ba."

Kafin malamin ya buɗe baki Auta ta yi atishawa sau uku, ta sulale jikin uwarta. Ƙarar bango ta ɗauke. Can aka ji ladan.

Yarinya ta warke. Tana ci, tana dariya, ta koma makaranta, malamanta ba su lura da komai ba. Sai dai in aka kira sunanta ba ta amsawa nan take. Fuskarta takan zama fayau, kamar ɗakin da aka kwashe kaya, sannan ta dawo. Uwar ta ce a gode wa Allah, wasu ko wannan ba su samu ba. Injiniya ya yarda da ita. Amma kullum in ya dawo daga shago yakan tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Auta," sai ya ƙirga a zuci, ɗaya, biyu, uku, yana kallon 'yarsa ba ta nan.

"Na'am, Baba."