Tsirkiyar Raket ɗin Colgrove

Da safiyar ranar kare kambu aka tarar an tsinke tsirkiyar raket huɗu na Thaddeus Colgrove, zakaran tanis na Newport. A al'adar gasar, zakara zamansa yake yi har a fitar da gwani guda ya kara da shi. Bana wani saurayi ne ya fito, Ambrose Tilley, kuma kafin Saje Mulcahy na 'yan sanda ya iso, manyan kulob sun gama yanke hukunci: Tilley ne ya tsinke, a kore shi daga wasa har abada.

Gaggawar nan ta ɓata wa Mulcahy rai. Ya fara da mai gyaran fili, ya tarar tun asuba yana bayan doki suna daddale ciyawa a idon jama'a. Ya koma kan Tilley.

"Ka shiga ɗakin kaya?"

"Na shiga, Saje. Amma in tsinke don me? So nake in doke shi kowa na gani!"

Mulcahy ya duba raket ɗin. Daga tsakiya aka fara yankan, a hankali, don kada itacen ya karkace. Kowanne kuma an mayar da shi cikin katakon matsinsa, an ɗaure tam. Kai, wannan wane irin mugu ne mai tausayin itace?

Ya sami Colgrove zaune a baranda.

"Yallaɓai, cafe!" Mulcahy ya wurga masa ƙwallo ta gefen hagu.

Ƙwallon ta bugi kafaɗar zakara, ko motsi bai yi ba.

"Maƙiyi karyawa zai yi ya wuce," in ji Mulcahy. "Mai kaya kaɗai ke lallaɓa su haka. Ka so a ce zalunci ya hana ka wasa. Yaushe idonka na hagu ya daina gani?"

Colgrove ya ce, "Tun bazara. Ba a taɓa ci na a filin nan ba, Saje."

Tausayi ya kama Mulcahy, amma bai sassauta ba. "To, yaron can fa? Shi zai ɗauki laifin?"

Colgrove ya miƙe, ya laluba ƙwallon a ƙasa har ya same ta.

"Je ka ce wa Tilley ya ara mini raket. Gara ya ci ni kowa na gani."