Ƙugin Jitar Kapembwa

Da yamma lis Chisanga ya fita sayen dalmar liƙi wurin Ba Sichone mai gyaran rediyo, a bakin kasuwar Chimwemwe. Ana yayyafi, bai ma lura ba. Tun da ramin haƙar jan ƙarfe ya rufta da yayansa Kapembwa, ba a kuwa samo gawar ba, haka ya koma. A ba shi nshima, tuwon masara, ya ci, a yi masa gaisuwa ya amsa, amma ba ya jin komai a ransa.

Jitar lantarkin da suka fara haɗawa tare ce kaɗai ke tashe shi daga kujera. Kapembwa ne ya sassaƙa jikinta da wuyanta, Chisanga ya naɗe maganaɗisun da siririyar waya. An ɗaure wuya, an saka tsirkiyoyi. Sai dai da zarar ya jona ta da amfilifaya, wani ƙugi ke cika ɗakin kamar ƙudan zuma a tulu.

"Wayar ƙasa ce ta saki," in ji Ba Sichone. "Ka sake liƙe ta. In ta kama, kana ɗora hannu kan tsirkiya ƙugin zai yi shiru."

Ya dawo ana gab da magariba, ya shige ɗakin aikinsa na bayan gida. Ya narka dalma, hayaƙinta ya cika masa hanci. Ya ɗora hannu kan tsirkiyoyi, ƙugi ya ɗauke. Ya ɗaga hannu, ƙugin ya dawo. Aiki ya yi kyau.

Ya bar jitar kan benci, ya je bakin taga neman sukurorin murfi.

Ƙugin ya yi shiru.

Chisanga ya waiga. Babu kowa a wurin benci. Amma tsirkiyoyin sun ɗan lotsa a tsakiya, kamar an ɗora musu tafin hannu.

Sai aka ɗauke wuta. Ƙwan fitila ya mutu, rediyon maƙwabta ya katse. Jan idon amfilifayar bai mutu ba.

Warin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya taso, da na albarushi. A cikin lasifika ruwa na ɗiga, ɗis, ɗis, kamar a kogo mai zurfi. Abin ɗaure babbar tsirkiya ya juya a hankali, sautinta na hawa.

"Chisanga," aka ce ƙasa-ƙasa. "Riƙe min nan."

Muryar Kapembwa ce. Haka yake faɗa duk lokacin da suke aiki.

"To, Yaya," ya ce. Bai ji tsoro ba. Ya matsa, ya ɗora yatsu biyu.

Sanyi ya kama su har ƙashi.

Wani abu ya damƙe su ta ƙasan tsirkiya, ya fara ja. Bencin ya soma nutsewa. Bayan muryar akwai numfashi, ba na mutum ɗaya ba.

"Matso. Akwai wuri."

Ya fara bin bencin ƙasa.

Matarsa Nsofwa ce ta shigo da kyandir. Ta yar da shi, ta cafki bel ɗinsa ta baya, ta fizge shi suka faɗa waje cikin taɓo. Ta tura ƙofar da ƙafa.

Yatsun nan biyu ba su ƙara motsi ba. A asibiti aka duba, aka ce ba a ga komai ba. Washegari maƙwabta suka tsinke tsirkiyoyin, suka tarar da jar laka danƙare a ramin wayoyin, suka ƙone jitar a bayan gida.

Ranar ce kuma Nsofwa ta haɗa kayan ɗansu ƙarami, Kunda, ta sa ƙanwarta ta tafi da shi garin Kasama wurin kakarsa. Chisanga ya daɗe bai tambayi dalili ba. Ranar da ya tambaya, tana tsintar wake, ba ta ɗago kai ba.

"Baban Kunda, ni ma na ji shi," ta ce. "Da na fizge ka, bai sake kiran sunanka ba. Sunan yaron ya fara kira."