Yaron Da Ke Gumi a Kan Nono

Tun da aka binne mijinta, Maman Auta ba ta ƙara sanin kwanciyar hankali ba. Jaririnta zai kama nono, ya ɗan tsotsa, sai gumi ya jiƙe masa goshi, ya saki yana haki... Haka take wuni tana lallaɓa shi kaɗan-kaɗan tana hawaye, amma yaro sai ƙanjamewa yake kamar ɗan tsako. Ga kuma Gwaggo, yayar marigayin, wadda bakinta ba ya hutu! Gida-gida ta bi tana cewa da gangan ake horar da marayan da yunwa don uwar ta samu ta yi aure, har dangi suka yarda a ƙwace shi a ba Gwaggo.

"Yaya, ki ji tsoron Allah, shi kaɗai ya rage mini!" in ji Maman Auta, tana kuka.

"Tashi mu je asibiti! Likita zai tona miki asiri a gaban Baba."

Allah sarki! Ashe Gwaggo da ƙafarta ta kai kanta. Likita ya daɗe yana sauraron ƙirjin yaron, ya sa aka ɗauki hoton zuciyarsa, sannan ya tambaya wa ke shayar da shi. Caraf Gwaggo ta nuna Maman Auta da yatsa.

"Huji ne a zuciyarsa, da shi aka haife shi," in ji likita. "Tsotso ma wahala ne a wurinsa. Ba don haƙurin baiwar Allahn nan ba, da tuni wani zancen ake yi. Kuma ana gyarawa."

Maman Auta ta zube a ƙasa, ba abin da take iya faɗa sai Alhamdulillahi. Baba, surukinta, ya share ƙwalla ya juya ga 'yarsa Gwaggo. "Duk gidan da kika kai ƙaryar nan, ki koma ki ƙaryata kanki. Kafin nan kada in gan ki a ƙofata."

Ranar da aka yi wa yaron aikin zuciya, Gwaggo na can tana bin gidajen mutane kai a sunkuye. Ma'aikaciyar jinya ta leƙo tana murmushi. "An yi nasara, ya farka! Mutum ɗaya zai shiga. Wa ke riƙonsa?"

Baba ya miƙe ya nuna Maman Auta. "Uwarsa. Shiga, 'yata, ɗanki ne, babu mai raba ku."