Sarewar Dalisay da Sa Hannun Nanay

Ranar Litinin da yamma Dalisay ta ajiye takardar zaɓen darussa a kan teburin kicin, tsakanin tukunyar shinkafa da farantin naman adobo, ta koma gefe ta yi tsuru-tsuru. Ta ajin ƙarshe ce a sakandare, ba a karɓarta sai da sa hannun iyaye, kuma ranar Juma'a za a rufe karɓa.

Mahaifiyarta Remedios, Nanay kamar yadda muke kiran uwa, wadda duk Filipinawan Daly City muka sani da kaifin lissafi, ta gyara zaman tabarau. Shekara ashirin tana ƙirga ƙwayoyi a kantin magani, ba a yi mata ƙwange. Manyan darussa huɗu na matakin jami'a ta gani, ta gyaɗa kai. Da idonta ya sauka kan ajin kiɗa sai annuri ya ɗauke.

Nan take ta juya bayan wani ambulan na wasiƙa ta shiga lissafi. Babban darasi in an ci shi da kyau maki biyar ne, kiɗa kuwa ko kin fi kowa huɗu za a ba ki, don haka ƙasa yake jan jimilla. Ta ce manyan jami'o'in nan da ke ɗaukar biyar cikin ɗari ba sa jin busa, lamba suke gani.

"Nanay, shekara uku ina busa sarewa, bana ni zan jagoranci layinmu na masu sarewa," in ji Dalisay.

"Sarewa ce ko mai ganga? Ke 'yar nan, na riga ki zama budurwa."

Mai gangar shi ne Wendell Abrenica, dogon yaro mai yawan dariya, wanda tun ajin farko yake ɗaukar mata jakar sarewa duk da ko kilo ɗaya ba ta kai ba. Gaskiya Dalisay tana son sa, amma sarewar ta girme shi a zuciyarta, abin da uwar ta ƙi yarda ke nan. Hukunci ya fito: a soke kiɗa, a sa babban darasi na biyar, kuma kada a sake ganinta da makaɗi.

Dalisay ta yi kuka har hanci ya toshe, amma ba ta ɗaga wa uwarta murya ba. Wata ƙawarta ta ba ta shawara ta kwaikwayi sa hannun, ta ce Allah ya kiyaye. Abu ɗaya ta roƙa, su je tare wurin malamar da ke ba ɗalibai shawara kafin a soke komai.

Ranar Juma'a malamar, Madam Lindqvist, ta saurari lissafin Remedios har ƙarshe, ta yaba, sannan ta ce a iya saninta jami'o'i da yawa sake nasu lissafin suke yi, kuma darussa huɗun nan sun isa ta rubuta cewa yarinyar ta ɗauki kaya mafi nauyi. Wadda ta riƙe abu shekara huɗu har ta shugabance shi, in ji ta, ta fi burge su a kan wadda ta yar da shi saboda ɗigon maki. Remedios ta ce ta ji, amma ba lamba kaɗai ke damunta ba. Ta fito ba ta sa hannu ba.

A bakin ƙofa suka tarar da Wendell riƙe da tasa takardar. Ya sunkuya ya kai hannun Remedios goshinsa, kamar yadda ake gaida manya a al'adarmu, ya kira ta Tita, wato gwaggo.

"Tita, in ni ne matsalar, ga shi na soke kiɗa a tawa," ya ce. "Ki bar mata sarewarta. Ni ko a kan bokiti sai in kaɗa."

Remedios ta karɓi takardar ta duba. Yaron da ke kaɗa cokali a kan kowane teburi ne ya ja layi a kan ganga da hannunsa. Kunya ta kama ta, don ta san ta zalunci yara biyu da zato. Amma ido ba ya barin sana'arsa, sai ta ci gaba da duba sauran layukan.

"Kai Wendell, ina lissafi a nan? Shekara guda ba lissafi, wace jami'a za ta kalle ka?"

Ta dafa takardar Dalisay a bango ta sa hannu, kiɗa na nan daram. Shi kuma ta ce ya mayar da gangarsa, ya ƙara babban lissafi, ya kai wa uwarsa ta sa hannu kafin a tashi. Daga ranar duk Asabar yana teburin kicin ɗinta yana gumi a kan lambobi, Dalisay na naɗa lumpiyar da za a soya tana yi masa dariya.

Watan Maris na gaba wasiƙar jami'ar da Dalisay ke buri ta iso. Remedios ta karanta sau uku tana hawaye, sannan ta buga wa kowa waya tana cewa ai ita ta hana 'yarta barin sarewa. Ba wanda ya ƙaryata ta.

Da Dalisay ta saci sa hannun nan, da ta sami ajin ta rasa amincin uwarta. Ta yi haƙuri na kwana huɗu, sai ga ta da sarewa, da jami'a, da mai ganga. Iyaye kuma a riƙa tunawa, ba duk abin da ke cikin ɗa ne yake shiga bayan ambulan ba.