Igiyar Cajin Kwanar Ɗorawa

Ku matso, ku rage murya. Wanda ya san zai yi fitsarin kwance ya tashi tun yanzu.

Tanimu mai gyaran waya ne a Kwanar Ɗorawa, ƙato, mai fara'a, ga surutu kamar ya haɗiyi rediyo. Kowa ya kawo masa waya sai ya sha karatu. Yakan ce a cikin kowace waya akwai wani ɗan baƙin abu kamar ƙwayar shinkafa, shi ne mai gadin batir. In aka jona caja, ba ya fara shan wuta kai tsaye. Sai ya aika tambaya ta cikin igiya: nawa za ka iya bayarwa? Kan caja ya faɗi iyakarsa. Mai gadi ya zaɓa, su daidaita, sannan wuta ta taho.

"Cajar da ba ta faɗi iyakarta ba, ƙonewa take," in ji shi.

Wani dare man janareta ya ƙare. Ya rufe shago, ya rataya jaka, ya bi hanyar rafi shi kaɗai don ta fi kusa. Babu wata. Ko gyare bai ji yana kuka ba.

A bakin rafin ya tarar da wani tsoho zaune, da waya a cinyarsa.

"Sannu, mai waya."

"Yawwa, Baba. Barka da dare."

Tanimu ya lura da abu ɗaya. Sai leɓɓan tsohon sun rufe sannan muryar take isowa. Amma ya dake.

"Wayata ta mutu."

"Ayya, Baba, ai babu wuta. Sai dai gobe."

"Riƙe min nan."

Ya miƙo masa bakin wata igiyar caji, fara, sanyi ƙalau. Ɗaya bakin yana jikin wayar. Tanimu ya karɓa, don ba a barin hannun babba a miƙe.

"Nawa za ka iya bayarwa?"

Ya san tambayar nan. Shi da ke koya wa mutane ita kullum! Amma a gidansu ba a taɓa auna wa baƙo tuwo ba, balle dattijo. Kunya ta riga hankali zuwa bakinsa.

"Haba, Baba. Ɗauki iya buƙatarka."

Fuskar wayar ta kawo haske.

Sanyi ya shiga tafin hannunsa, ya hau gwiwar hannu, ya kai ƙirji. Ya so ya saki, yatsu suka ƙi. Ya durƙusa a yashi.

"Baba, ya isa."

"Ba mai bayarwa ke cewa ya isa ba. Mai ja ke cewa."

"To yaushe za ta cika?"

Leɓɓan suka motsa, suka rufe. Tanimu ya jira muryar.

"Tun ba a haƙa rijiyar garinku ba nake cajinta."

Da asuba masu ɗiban ruwa suka tsince shi da rai, igiyar na naɗe a hannunsa. Tsoho babu shi, babu sawunsa.

Ya jefa igiyar a masai. Da dare ya farka ya ji bakinta a tafinsa. Ya ƙona ta, ta dawo. Matarsa Lantana ta kai shi asibiti, aka duba jini aka ce lafiyarsa lau. Ta kai shi wajen malami. Malam ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce:

"Da ƙwace aka yi, da mun nema. Kai ka bayar da bakinka, kuma ba ka sa iyaka ba."

Lantana ta yi kuka har muryarta ta dushe.

Yana nan har yau, abin tausayi. Ƙaton nan ya koma kamar kara. Tun hantsi ake fito da shi a jingina shi da bango, ya wuni yana shan rana, yana tara ɗan ɗumin da za a janye da dare. Kullum abin da ya tara ba ya kai na jiya. In inuwa ta fara tsawo, sai ya kama hawaye shiru. Ƙaramar 'yarsa ta daina yarda ya ɗauke ta, wai hannun Baba sanyi.

Don haka kar wanda ya bi hanyar rafin nan shi kaɗai bayan isha'i, ko da ana kiran sunansa. Wanda ya miƙo muku abu a duhu, ku sa hannuwanku a aljihu. Ku tashi ku kwanta. A bar fitilar a kunne.