Muryar Barakatu a Cikin Akwati

A shekarar da aka buɗe makarantun firamare ga kowa da kowa, lokacin da arzikin mai ya sa tireloli suke bin gadar Wudil babu ƙaƙƙautawa, akwai wani masunci a bakin kogi ana ce masa Maikano. 'Ya'ya huɗu Allah ya ba su shi da matarsa Hansai, uku suka koma tun ba a yaye su ba. Barakatu ce kaɗai ta tsaya, ta yi karatu har aka ɗauke ta koyar da 'yan aji ɗaya. Ba su rasa ci ba, ba su rasa sutura ba. Kwanciyar rai ce babu. Ko tari Barakatu ta yi, sai Hansai ta ajiye muciya ta kasa kunne.

A unguwar Sabon Gari ta Wudil kuma akwai Halliru mai gyaran rediyo, wanda ya koyo sana'a a Kaduna. Shi abin da ya rasa mai saurare ne.

Wata ranar damina da la'asar, Barakatu ta kai wa babanta abinci bakin ruwa, sai ta ga wannan saurayi Halliru a durƙushe ƙarƙashin gada. Ya manna makirfo a jikin ƙarfe, waya ta taso daga nan zuwa wani akwati mai faifai biyu suna juyawa a hankali.

Ta ce, "Malam, gadar ce ba ta da lafiya kake auna ta?"

Ya ɗora yatsa a baki har tirelar da ke sama ta wuce. Sannan ya dube ta, ya daɗe bai kawar da ido ba.

"Kin ɓata mini aiki," in ji shi. "Ko kuwa kin gyara. Zo ki ji."

Ya mayar da faifan baya, ya rage masa gudu. Abin da ya fito ba ƙarar mota ba ne. Wani nishi ne mai zurfi, dogo, kamar ƙasa tana juyi a cikin barci. Tsigar jikin Barakatu ta tashi, amma ba ta matsa ba.

"Wannan mene ne?"

"Kiɗa ne."

"Ina gangar? Ina mawaƙin?"

Nan bakin Halliru ya buɗe. Ya ba ta labarin ranar da yake laluben tasha a rediyon wani, ya faɗa kan wata tashar ƙasar waje ana sa kiɗan da aka yi da lantarki zalla, amo ɗaya yana miƙewa, wani yana shigowa ƙarƙashinsa kamar hadari. Tun ranar bai sake zama daidai ba. Ya tsinci kayan matattun rediyoyi ya haɗa ɗan akwatin da yake yin amo, yana kuma yawo da rikoda yana tara sautin kogi, da injin niƙa, da kukan shanu ranar kasuwa.

"Shi wannan kiɗan ba ya cewa ki tashi ki taka," ya ce. "Shiga cikinsa ake yi a zauna, kamar ɗaki."

"To ɗakin naka akwai duhu."

Ya yi dariya. "Ke ce ta farko da ta tsaya har ta ga duhun. Saura daga bakin ƙofa suke juyawa."

Daga wannan rana rediyon Hansai ta shiga lalacewa duk mako. Barakatu ce mai kai ta gyara, kuma in aka buɗe gidan batir sai a tarar da takarda a naɗe.

"Malam Mai Amo, yau yara sun yi ta karanta baƙaƙe tare, sai na ji su kamar ƙudan zuma a cikin tulu. Ka ɓata mini kunne. Kowane abu yanzu kiɗa nake jin sa. Taka, B."

Rediyo ta dawo da amsa:

"Sautina, shekara uku ina tara amon garin nan, ban san abin da ya rage ba sai da kika yi mini tsiya a ƙarƙashin gada. Ki ba ni aron muryarki minti ɗaya. Kuma ki ba ni izini in turo kawuna wajen Baba. Naki har kullum, Halliru."

Ta ba shi duka biyun. A ƙofar shagonsa, da rana tsaka, ta rera masa 'yar waƙar da take koya wa yara. Ya yi wata biyu yana aiki a kanta: ya rage gudunta, ya shimfiɗa mata nishin gada a ƙasa, ya zuba mata amon akwatinsa a sama. Da ya sa mata, ta ji muryarta ta yi kauri ta yi nisa, kamar mai kira daga ƙasan ruwa.

"Ni ce wannan?"

"Ke ce. Ban taɓa yin abin da ya kai shi ba."

Maƙwabta ma sun ji. Mai shayin gefen shagon ya matsar da teburinsa gaba. Mata masu wucewa suka riƙa jan mayafi suna neman tsari. Da kawun Halliru ya je, Maikano bai ce a'a ba, bai kuma ce to ba.

"Ina jin abin da ake faɗa," ya ce. "Mutumin da yake zama ƙarƙashin gada yana saurare, me ake gaya masa? Ni a ruwa na tsufa. Akwai abin da ba a sa masa kunne."

Akwai kuma Isyaku, direban babbar mota, wanda ya daɗe yana kawo wa Hansai tsaraba daga Legas ba tare da Barakatu ta taɓa fitowa zance ba. Shi ne yake zaune a teburin mai shayi ranar da Halliru, cikin murna, yake gaya wa abokinsa, "Wallahi na ɗauki muryarta. Tana nan cikin akwati, yadda na ga dama nake juya ta."

Isyaku ya ajiye kofi, ya riƙe maganar.

Bayan kwana huɗu aka yi wani ruwa mai iska da yamma, kwalekwalen Maikano yana tsakiyar kogi. Barakatu ta tsaya a gaɓa cikin ruwan tana ƙwala masa kira har ya fito lafiya. Washegari ta tashi da zazzaɓi. Zazzaɓin ya sauka, amma da ta buɗe baki za ta gaida iyayenta, iska ce kawai ta fito.

Kwana ɗaya, kwana biyu, uku. Hansai ta dafa citta da kanumfari, ta ba ta zuma, shiru. A rana ta huɗu Isyaku ya yi sallama a zaure.

"Baba, da kunnena na ji. Cewa ya yi ya ɗauki muryarta ya sa a akwati."

Barakatu tana daga ciki tana ji. Ta san inda kuskuren yake. A bakin masu rediyo, ɗaukar murya naɗa ta ne a faifai. A kunnen iyayenta kuwa, abin da aka ɗauka ya bar wurinsa. Ta rarumi takarda ta rubuta da manyan baƙaƙe cewa sanyi ne da ihun da ta yi, aka kira maƙwabci ya karanta.

Maikano ya girgiza kai. "Wanda ya iya ɗauke murya, hannu ne zai gagare shi?"

Aka aika wa Halliru ya zo bakin kogi da akwatinsa bayan la'asar. Kogin ya cika ya yi ja, yana tafe da rassan itace. Hadari ya haɗo ta gabas. Masunta sun kewaye wurin, wasu da sandunan tuƙi a hannu. Barakatu ta tsaya kusa da mahaifiyarta, Halliru ya ajiye akwatin a kan yashi.

"Yaro," in ji Maikano, "ba na son tashin hankali. Ka mayar mata da abinta."

"Baba, wallahi ban raba ta da komai ba. Abin da yake kan faifan nan alama ce kawai. Kamar mutum ya taka rairayi ya wuce, a zo a ɗebi sawunsa..."

Wurin ya ɗauki salati. Hansai ta dafe ƙirji. Barakatu ta rufe ido, don ko yaron goye a garin ya san ba a ɗibar sawun mutum sai za a yi masa sammu.

"Kun ji ko!" in ji Isyaku. "Da bakinsa!"

Masunta suka matso taku ɗaya. Maikano ya ɗaga hannu suka tsaya. Ya cire hularsa, ya zo gaban akwatin ya durƙusa a kan yashi, dattijo mai furfura a gaban saurayi.

"Ita kaɗai gare ni," ya ce a hankali. "Koyarwa take yi, da murya take ci. Ni kifi ba ya bukatar in yi masa magana. In dole sai akwatin ya riƙe ta wani, ɗauki tawa ka sakar mata tata."

Hawaye ya zubo wa Halliru. Ya ɗora sabon faifai, ya miƙa makirfo. "To yi magana, Baba."

Maikano ya dubi matarsa, ya dubi 'yarsa, kamar mai sallama. Ya yi bisimilla, ya faɗi sunansa da na mahaifinsa. Halliru ya mayar da faifan. Muryar Maikano ta fito daga akwatin sak, har da ɗan tarin da ya yi.

"La'ilaha illallahu!" in ji Maikano da ƙarfi. Sai ya kama maƙogwaronsa. Ya sake cewa, "Hansai?" Ya ji kansa sarai.

Wani tsoho a cikin masunta ya tuntsire da dariya, amma shi kaɗai.

"Tawa tana nan," in ji Maikano. "To tata fa? Barakatu, yi magana."

Ta buɗe baki. Iska.

"Ta maza ba ta kamuwa da wuri," in ji Isyaku. "A jefa faifan nata a ruwa a huta."

"Kada ku jefa!" Hansai ta yi ƙara. "In tana ciki fa? Ku nutsar mini da muryar 'ya?"

Nan aka tsaya, ba gaba ba baya, ga tsawa ta fara. Barakatu ta ga cewa muddin faifan nan yana duniya, ko muryarta ta dawo za a ce sako ta ya yi don tsoro. Ta taka zuwa wurin Halliru ta miƙa hannu. Ya gane abin da take nufi. Aikin wata biyu ne, kuma ba shi da wani kwafi. Ya ɗauko faifan ya sa mata a tafin hannu.

"Naki ne, Sautina," ya ce yadda ita kaɗai za ta ji.

Ta juya ta wurga shi tsakiyar kogi. Ruwan ya haɗiye shi ko kumfa babu. Hansai ta zube a ƙasa tana kuka.

Maikano ya daɗe yana kallon inda faifan ya nutse. Sannan ya ce, "Nan da Juma'a. In ta yi magana, na san ba a cikin abin nan muryar take ba, kuma na ba ka ita. In ba ta yi ba, kada rana ta sake faɗuwa kana garin nan."

Litinin ta wuce. Talata ta wuce. Shagon Halliru a rufe, an ce ya fara ɗaure kayansa. Hansai ba ta ko iya kallon kogi. Barakatu tana shan zumarta, tana gwadawa a ɓoye, tana jin tsoron da ba ta ji ba a bakin ruwa: in fa sanyin ya yi mata illar da ba ta warkewa?

Ranar Alhamis da hantsi Hansai ta ɗora kunu ta zauna ta yi tagumi, hankalinta ya tafi. Tukunya ta kumburo.

"Inna, kunun yana zuba!"

Muryar a dishe take kamar ta tsohon zakara. Hansai ta bar kunun ya zube duka.

Bayan an yi girbi aka ɗaura aure a ƙofar gidan Maikano. Isyaku yana hanyar Legas ranar. Liman ya yi addu'a, jama'a suka shafa, masuntan da suka zo da sanduna a wancan karon su ne suka kawo kifin walima. Da za a tafi da amarya, Maikano ya kama hannun ango.

"Allah ya ba ku zaman lafiya da zuriya mai albarka. Kiɗan naka dai har yanzu ban ji daɗinsa ba."

"Za ka saba, Baba."

"Ba zan saba ba. Ka riƙe mini ita da kyau."

Barakatu tana cikin lulluɓi tana jin su. Ta gane cewa babanta bai fahimci akwatin nan ba, kuma ba zai taɓa fahimtarsa ba. Amma ranar da ya gaskata cewa akwatin yana raba mutum da muryarsa, tasa ya miƙa.