Turaren da Ya Ƙi Barin Gida

Ranar Asabar da hantsi Mama ta aiki Amarya ta ɗauko mata zanen gado a akwatin ƙarfen da ke ɗakinta. Watan Amarya uku a gidan, kuma tsakaninta da surukar tata gaisuwa ce kawai. A can ƙasan akwatin ta ga wani gyale ruwan toka a naɗe cikin leda. Tana buɗe ledar ƙamshi ya taso mata, irin na ƙasa idan ruwan farko ya sauka, da wani ɗumi mai zaƙi a bayansa.

Haɗa turare ce sana'ar Amarya, tana da ɗan shago a bakin titi kusa da mai gyaran waya. Nan take hancinta ya gane abin da ke jikin gyalen: man faculi mai yawa, ganyen nan mai ƙamshin ƙasa, sai ambar a ƙarƙashinsa. Ta ce a ranta, turaren Mama ne na da, ya ƙare ta rasa inda za ta samu. Ba ta tambayi kowa ba, ta ƙudura za ta haɗa mata irinsa.

Kwana tara tana auna ɗigo da sirinji kafin haɗi na bakwai ya yi daidai. Ta rufe kwalbar a cikin durowa mako biyu ya kwanta. Kuma a ƙa'idarta ba ta ba kowa turare sai ta wuni da shi a jikinta, don takarda ba ta faɗin gaskiyar ƙamshi. Ta shafa a wuya da bayan hannu, da la'asar ta dawo gida da kwalbar a jaka.

Mama tana ninke kaya a falo. Amarya ta durƙusa za ta gaishe ta, sai rigar da ke hannun tsohuwar ta faɗi.

"Auta?"

Auta ƙanwar mijinta ce, ta rasu shekara biyu kafin bikinsu. Amarya ba ta san komai a kanta ba sai hoton da ke bango, don ba a ambatonta a gidan. Mama ta jawo ta, ta cusa fuska a wuyanta tana kuka ba sauti. Da ta ɗago ta ce, "Ki riƙa shafa min shi, 'yata. Kullum."

Amarya ta ce to. Ta yaya za ta ce a'a? Matar da sai an roƙe ta take cin cokali uku, ranar ta cinye farantinta. Ta nuna wa Amarya kujerar kusa da taga, wadda ba wanda yake zama a kai, ta ce nan ne wurinta. Da farko idan ta kira ta Auta takan ce, "Af, bakina." Bayan mako biyu ta daina gyarawa. Wani lokaci Amarya tana wanke-wanke sai ta ji numfashi a bayanta, ta waiwaya ta ga Mama tsaye da ido a rufe.

Mijin kuwa, wanda kowa yake kira Injiniya saboda gyaran janareta, ya canja. Da idan ya dawo yakan tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Madam Hanci, faɗa min me na taɓa yau, dizal ko fetur?" Yanzu sai ya shigo ya buɗe taga, ya ci abinci a tsaye. Ta riƙa yin wanka kafin ya dawo, amma faculi ba ya jin sabulu. Ya kama gashinta, ya kama labule da matashin kai. Ƙarshe Injiniya ya kwashe bargonsa ya koma falo, wai zafi.

Ranar Alhamis da rana ta rufe shago ta same shi a garejinsa, yana kwance wani inji.

"Yallaɓai, laifin me na yi?"

"Ba ki yi komai ba."

"To dube ni ka faɗa."

Ya ajiye sifana, ya daɗe yana goge hannu da tsumma. "Ranar da numfashinta ya sarƙe, ni na goya ta. Lif ɗin asibitin ya lalace, hawa uku na hau da ita a bayana. Kafin mu kai sama na ji ta yi nauyi." Ya ajiye tsumman. "Rigar da na sa ranar, sau huɗu na wanke, ƙamshin bai fita ba. Sai na ƙona ta. Yanzu idan na matso kusa da ke, ƙanwata nake ji — ba matata ba."

"Me ya hana ka faɗa min?"

"In ce ki daina, Mama ta koma ƙin cin abinci? Sori, ba zan iya ba. An ba ni wani aiki a nesa, wata shida. Litinin zan tafi."

Amarya ta san irin wannan tafiya, wata shida kan zama shekara. Ta dawo gida tana share hawaye da bakin mayafi.

Washegari ta fito ba turare. Mama ta shinshina, ta dube ta.

"Auta, yau kin manta."

Ta durƙusa har ƙasa. "Mama, ban manta ba. Ni ba Auta ba ce, matar ɗanki ce. Na haɗa shi ne ina zaton naki ne, ban tambaya ba, ki yafe min. Ga kwalbar, taki ce. Amma ba zan ƙara sa shi a jikina ba."

"Kin dawo min da ita, yanzu kuma za ki ƙwace? Wa ya aike ki tun farko?"

"Ba kowa, Mama."

"To tashi ki ba ni wuri."

Kwana ashirin da uku Mama ba ta amsa gaisuwarta ba. Amarya ba ta fasa ba: ta kai ruwan zafi, ta ɓare maganin hawan jini ta ajiye a faranti, ta ɗauke kwanon da aka ture ta kawo wani. Ta cire labulaye ta wanke, ta kyautar da riguna biyar, ta sayi sabon matashin kai. Injiniya ya ɗaga tafiyarsa da mako ɗaya, sannan ya ƙara biyu, amma jakarsa tana nan a ɗaure bayan ƙofa.

Wata safiya Mama ta ce ba tare da ta kalle ta ba, "Kira min mijinki."

Suka zauna a gabanta. Kwalbar tana hannunta, ba a buɗe ba.

"Auta ba ta taɓa kawo min magani a kan lokaci ba," in ji Mama. "Ga surutu, ga cin farce. Na sani ba ke ba ce, tun ranar farko na sani." Ta juya ga ɗanta. "Kai kuma shekara biyu ba ka faɗa min yadda ta cika ba. Ta yi magana?"

Ya ce, "Ta ce in yi a hankali, kada in yar da ita."

Mama ta yi dariya, dariyar ta koma kuka, su ukun suka yi tare. Har azahar suna zancen Auta, da sunanta, da rigimarta.

Da yamma Injiniya ya kwance jakarsa ya mayar da kayan cikin durowa. Ya zo ya zauna kusa da matarsa, kafaɗa da kafaɗa, ya daɗe bai matsa ba.

Da Amarya ta ci gaba da shafa turaren, da ta riƙe soyayyar da ba tata ba, ta rasa wadda take tata. Haƙuri ba shi ne mutum ya yi shiru ya zama wani don a so shi ba. Haƙuri shi ne ya faɗi gaskiya da ladabi, sannan ya tsaya ya jure abin da za ta jawo masa.